Inda aka ajiye akwatin

A wani gida na unguwar Yantala, a birnin Yamai, wani tsohon malamin makaranta ya ɗora akwatin rarraba intanet bisa kantar littattafansa, cikin falo. Samarin gidan suna samun sa har bakin titi. Ɗiyarsa kuwa, mai shirin jarrabawar bakaloreya, sai ta raɓe gindin tagarsa da dare, sauro na cizo, kafin darasi ya sauka cikin wayarta.

Ranar da ya gan ta, kunya ta kama shi. Shekara talatin yana roƙon iyaye su bar ɗiya mata su yi karatu, ga shi a gidansa ilimi ya tsaya ɓangaren maza.

Ya nufi Babbar Kasuwa da niyyar sayen mai tsada. Mai shago ya ce: "Baba, tsada ba ta huda bango. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri, amma siminti na karya shi. Na 2,4 ya fi ratsawa, shi ma yana gajiya. Igiya za ka ja."

Ya sayi marabar igiyoyi mai kafa biyar, da ƙaramin akwati na biyu, aka rataye shi a rumfar cikin gida. Ya haɗa da batir mai bolt 12, don bai manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta.

Yanzu yarinyar tana karatu a ɗakin mahaifiyarta, cikin gidan sauro.