Famfon Mahaifinmu da Aikin Gaggawa



Duk wanda ya bi gudurun Madawa tun dā, daga Kwanni zuwa Maraɗi, ya san famfon isanshi na hannu: dogon ƙarfe mai kwalabe biyu a kai, kowace na cin lita 5. Ana kaɗa hannu, ɗaya na cika, ɗaya na zuba cikin mota, mai saye yana kallon awonsa da idonsa. Irinsa mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya mallaka. Da shi ya shayar da motocin albasa da masu hawa Buza da Keita, da shi kuma ya ciyar da mu.

Bayan karyewar darajar sefa a 1994, ga kuma man ruwa-ruwa daga Najeriya a kwalabe ko'ina bakin hanya, ciniki ya mutu. Famfo ya kwanta bayan gida, tsatsa tana cinsa. Da aka zo rabon gado, ƙanena ya ce a sayar wa masu awon ƙarfe. Na ƙi. Magana ta yi zafi har muka yi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na kai shi wurin wani tsohon mai gyaran jikin mota. Ya kwance faifan ƙarfen da ke rufe shi, ya kankare, ya fesa jan fenti. Kwana uku na taɓa na ji ya bushe. Ya ce mini: "Ɗana, bushewa daban, ƙwari daban. Ba shi mako uku a ɗaki, nesa da ƙura." Ban ji ba, don ina so ƙanena ya gani ya ji kunya. Na ɗaura faifai na farko ni kaɗai, na tamke notinsa tam. Na biyu ya ƙi zama. Na matsa, gefensa ya karce ɗan'uwansa, ga farin ƙarfe tsawon yatsa.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya sake fesawa, muka jira, sannan ya koya mini. A shimfiɗa faifan bisa bargo. A share fentin da ya toshe ramukan noti kafin a ɗaga. A yanka ƙananan zobba daga tsohuwar robar cikin taya, a sa ƙarƙashin kowane noti, a naɗe bakin kile da tsumma. Babbar doka kuwa: kada a tamke ko ɗaya sai kowane faifai ya sami mazauninsa; a rataya su sako-sako, a daidaita, sannan a bi su sannu-sannu. Ya ƙara da cewa: "Aikin nan na mutum biyu ne, wani ya riƙe, wani ya ɗaura. Ba ka da ɗan'uwa?"

Ranar Juma'a bayan la'asar na je gidan ƙanena, na ce ina bukatar hannunsa. Ya zo. Yana riƙe, ina ɗaurawa, har magariba. Da muka maida kwalaben, sai ya ce: "Yaya, ka tuna Baba ba ya buɗe wa mota sai mai ya kai layi?" Sai a lokacin ya faɗa mini cewa bashi ne ya matsa masa. Ban taɓa tambayarsa ba.

Na biya shi rabonsa. Famfon yana zaure, ba ya zuba ko ɗigo, kuma ran Salla shi yake zuwa ya goge shi.