Kura da Shan Bugu

Mu 'ya'yan Madobi da Kura da Bunkure da kuɗin shinkafa da tumatir suka kai mu jami'a, yau wasunmu muna Kano da Abuja muna rubuta manhaja. Duk lokacin da aka kawo mana aikin rajistar manoma, guraben da ake so a cike kusan iri ɗaya ne: sunan mai gona, lambar waya, lambar BVN, faɗin fili, abin da ake shukawa. Babu gurbin wanda ya yi huɗa. Babu na matar da ta wuni a sunkuye cikin ruwa tana dashe, ko yaron da ya goya tankin feshi ba takunkumi. Wanda ba shi da gurbi kuwa kwamfuta ba ta san da shi ba, kuma mai rabon taki da bashi abin da kwamfuta ta nuna masa kaɗai yake gani.

Ruwan da ya raya yankinmu da kuɗin jama'a aka kawo shi. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, aka ja hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Iyayenmu sun rage tafiya ci-rani, domin rani ya zama lokacin aiki a gida. Sai dai ruwa ya ƙara wa ƙasa daraja, abu mai daraja kuma ba ya daɗewa a hannun mai bukata. Rabon gado ya tsinka gonaki. Rashin lafiya ɗaya ko biki ɗaya kan sa a jinginar da fili, a kasa fansa. Haka mutum zai wayi gari yana ƙwadago a gonar da kakansa ya share, mai ita kuwa yana birni, sai ranar yanka ake ganin motarsa.

Wanda ya riƙe filinsa ma bai tsira ba. Da bashi yake sayen taki da iri da magani. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da injin ban-ruwa ke sha ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. Ranar girbi kowa ya fito da kayansa lokaci guda, mai bin bashi yana tsaye a bakin gona, dole a sayar da araha. Mai sito ya ajiye shanshera wata huɗu, ya ci ribar da manomi bai gani ba. Tumatir kuwa ko jira ba ya yi. Idan kwanduna suka cika Kwanar Gafan, farashin da dillali ya faɗa shi ne farashi, ko ka karɓa ko ya ruɓe a gabanka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Amma dokar ba ta hau kan aikin da ke bin kaka da rani irin na gona ba, ba ta kuma hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan yawancin masu noma abincin ƙasar nan suna wajen katangar dokar. Ladansu shi ne abin da aka yi ciniki da safe a bakin hanya, kuma wanda ya kwana da yunwa ba ya jan ciniki.

Daga nan zuwa gidan yari ba nisa. Bashin da aka kasa biya, rigimar iyakar gona, buhu ɗaya da ya ɓata a sito, kowanne yana iya kai mutum Kurmawa ko Goron Dutse. A 2019 doka ta sauya wa gidajen suna zuwa gidajen gyaran hali, amma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke ciki a faɗin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a kama su da laifin komai ba tukuna. A Disambar 2023 shugaban hukumar ya shaida wa 'yan majalisa cewa naira 750 ake ciyar da ɗaurarre a rana, karen hukumar kuma 800. Wata ɗaya kafin nan, Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da sakin mutum 4,068 da tara ce kawai ta riƙe su, bayan an tara musu naira miliyan 585. A raba, kowane mutum bai wuce naira dubu 144 ba. A daidai lokacin jaridu na ba da labarin motocin 'yan majalisar tarayya, kowace a kan kusan naira miliyan 160. Kuɗin mota huɗu ya ishe su duka.

Ba yau aka fara ba. Kakanninmu sun san haraji da jangali da aikin tilas. Malam Aminu Kano da NEPU sun yi ta faɗa tun daga shekarun 1950, har Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979. Abin ya sauya ne da talakawa suka haɗa kai, aka doki wasu, aka ɗaure wasu, ba su bari ba.

Ba ma jin cewa manhaja za ta yi abin da haɗin kai ya yi. Amma akwai abin da yake hannunmu. Idan aka ba mu aikin rajista, mu nace a sa gurbin ɗan ƙwadago da na mai haya, da abin da aka biya su. Mu tura wa ƙungiyoyin manoma farashin Dawanau da na Mile 12 ta Legas a wayarsu kafin dillali ya iso. Mu taya lauyoyi masu aikin sa-kai riƙe lissafin wanda ya shiga gidan yari, da ranar da ya shiga, da ranar da rabonsa da ganin alƙali. Waɗanda kuma suka fara sayen fili a cikinmu, su biya lada tun gumi bai bushe ba, kamar yadda addini ya umarta. Albashinmu ya fara isa sayen gonar maƙwabci ranar da ya shiga matsi, kuma irin wannan cinikin ne ya raba iyayen abokanmu da filayensu.