Bashin Gangirwal

Mu huɗu ne muka ɗaura niyya a watan Disamba na 2016, dukkanmu ɗalibai a lokacin, cewa za mu taka da ƙafa tun daga ƙauyen Gashaka har ƙololuwar Cabbal Waddi, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru. Fulani suna kiransa Gangirwal, sunan da ake fassarawa da dutsen mutuwa, amma wannan bai sa mun ji ko ɗar ba, kasancewar ƙuruciya ba ta cika sauraron suna ba. A Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, aka haɗa mu da ɗan rakiya, dattijo marar yawan magana. Muka cika jakunkunan goyo da garin rogo da ƙuliƙuli da kilishi, muka kama hanya.

Ya kamata mai karatu ya san laifinmu tun yanzu, domin shi ne tushen labarin. Hutunmu gajere ne, guzurinmu kaɗan, saboda haka muka yi ta matsa wa tafiyar lamba. Ƙaraminmu, wanda muke kira Auta, shi ne kullum a baya, mu kuwa ba mu da aiki sai zolayarsa. Dattijon ya ce mana sau ɗaya, "Samari, ku bar dutse ya ba ku hanya." Muka yi dariya. A rana ta huɗu, bayan mun wuce Cabbal Hendu, rana ta yi gora, dattijon ya ce a yada zango, muka ce sai mun tsallake wani rafi tukuna. A cikin rafin nan Auta ya taka dutse mai gansakuka yana sauri ya cim mana, kaya a bayansa. Ƙarar da idon sawunsa ya yi har yau tana kunnenmu.

Muka sari itace muka ɗaure da igiyar tanti, abin da ya fito bai yi kama da komai ba sai makara. A kanta muka ɗauke shi zuwa wata ruga, inda wani Bafillace ya yi masa ɗori ya kuma ara mana doki. Daga baya sai da aka sake gyara ƙashin a asibiti. Auta ya rasa zangon karatu guda, muka gama muka bar shi a makaranta. Bai taɓa ɗora mana laifi ba, kuma haƙiƙa da ya zage mu da ya fi mana sauƙi.

Shi ne da kansa ya tayar da maganar bayan shekara biyu. "Yayyena," in ji shi, "akwai bashin da Gangirwal yake binmu." Muka kawo shawarar mu hau ta Mambila, inda mota take rage wa mutum hanya mai yawa. Ya ƙi. Ya ce tafiyar da aka faro daga Gashaka, daga Gashaka ake ƙarasa ta. Nan muka gane cewa dutse ba littafi ba ne da za a buɗe shafin da aka tsaya. Duk takun da muka yi a baya sai mun sake shi kafin mu isa inda muka faɗi.

A Janairun 2019 muka koma, Auta a gaba da sandarsa, yana ɗan ɗingishi, mu a baya. Sai ga shi hanyar da muke tsammanin mun sani ashe ba mu taɓa ganinta ba. Muka ji kukan birai a kurmi, muka lura da yadda ƙudan tsando yake raguwa yayin da muke hawa, wanda shi ne dalilin da ya sa makiyaya suke zaune da shanunsu can sama cikin sanyi. Muka sha nono a rugar da aka yi ɗorin. Da muka iso rafin, Auta ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan, gumi yana keto masa alhali iska tana kaɗawa. Babu wanda ya ce uffan. Can ya cire takalmansa ya rataya a wuya, ya shiga ruwan a hankali, yana dafa kafaɗar babbanmu.

Ranar da muka kai ƙololuwa hazon hunturu ya rufe ko'ina, ba mu hangi Kamaru ba, ba mu hangi kwarin da muka baro ba. Babbanmu ya buɗe baki zai nemi gafara, Auta ya ce, "Yaya, miƙo mini ƙuliƙulin nan." Ya ci, ya sake naɗe ƙafarsa da tsumma, ya ce mu tashi da sauran rana, domin gangara ta fi hawa cin idon sawu.