Abin da na Gani a Wurin Aikin Kawuna

Tun ina ƙarami nake taya mahaifina ɗura shinkafa a buhu a gonarmu ta rani kusa da Bakura, wadda ke shan ruwan madatsar Bakolori da aka gama ginawa a 1978. Ran Talata kuma mu kai ta kasuwar Mafara. Amma ban taɓa tunanin inda farin buhun nan yake fitowa ba, sai a hutun da ya wuce, da mahaifina ya tura ni Kano wurin kawuna mai aiki a wata masana'antar saƙa buhu. Nufinsa in ga aikin, in na gama aji shida in bi sahun Kawu.

Da muka shiga, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ban ga auduga ko rama ba. Sai wasu fararen ƙwayoyin roba kamar gyararriyar shinkafa. Kawu ya ce daga man fetur da iskar gas ake samunsu, kuma ana yin irinsu a Eleme, kusa da Fatakwal. Akan zuba su a wani babban mazurari, inji ya narkar da su da zafin da ya wuce digiri 200, ya fitar da su a shimfiɗe kamar takarda. Daga nan su bi ta cikin ruwan sanyi, wuƙaƙe su tsaga su sili-sili, a ja su ta cikin zafi don su yi ƙarfi, sa'an nan a naɗe a kwarkwaro a kai wa injin saƙa.

Aikin Kawu shi ne lura da zafi da gudun injin. In zafi ya yi yawa zare ya tsinke, in ya gaza roba ta yi gudaji. In wuta ta ɗauke kuwa, robar ta daskare a ciki, sai an sha wahala kafin a ci gaba. Awa takwas yake yi a tsaye, ga ƙara kamar aradu.

Da dare muna cin tuwo na yi masa magana har sau uku bai ji ba. Matarsa ta ce ai kunnensa na hagu ya daɗe da yin nauyi, don shekarun farko ba ya sa abin toshe kunne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna kakana na Maradun, masaƙi ne da ya tsufa da jinsa garau, ko da yake yau ba mai neman saƙinsa.

Na ce, "Kawu, in zo in kama aikin nan?"

Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, aikin nan shi ya ciyar da mu, ban raina shi ba. Amma in injin ya lalace, sai mu zauna jiran injiniya. Ka yi karatu ka zama wanda ake jira."

Da na koma gida na faɗa wa mahaifina. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai ya ce mu ga sakamakon jarrabawa. Ni da nake gudun darasin kimiyya, yanzu a layin gaba nake zama. Allah Ya ba Kawu lafiya, mu kuma Ya ba mu sa'a, amin.