Kiɗan Hannu da Ƙafa a Birnin Leipzig

Daga Frankfurt zuwa Leipzig babu abin labari, jirgin ƙasa ne da gonaki. Masaukin da na fara sauka kuwa, Allah ya sawwaƙe: ɗaki a ƙololuwar bene, banɗaki ba buta, karin kumallo busasshen burodi da cuku mai sanyi. Wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, ita ta cece ni, ta ba ni ɗakin ɗanta, har da shayi mai kauri kullum safe.

Wata yamma ta ce, "Ɗana, ba ka barin garin nan sai ka ji ogan ɗin cocin Thomas." Na ce, "To Mama, baƙo ai makaho ne ko da idonsa."

Tsohon coci ne. A nan shahararren makaɗinsu Bach ya yi aiki daga 1723 zuwa 1750, kabarinsa ma yana ciki. Ogan ɗin yana can sama a bayan masu sauraro: dubban bututai da iska ke busawa, aikin Wilhelm Sauer na 1889. Mutum ɗaya ke sarrafa shi, yatsu na aiki, ƙafafu na taka wasu sandunan katako a ƙasa.

Ranar da muka je, abin da aka kaɗa na Max Reger ne, ya tsara shi a 1898 yana ɗan shekara 25. Tsohuwar waƙar Martin Luther ya ɗauko, wadda aka gina kan Zabura ta 46, ya bi ta baiti-baiti ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Karin waƙar yakan fito fili, ya nutse cikin guguwar sauti, ya sake ɓullowa. Da aka saki manyan bututan, benci ya ɗauki rawa, na ji ƙarar a ƙirjina kamar an busa kakakin hawan Daushe a cikin zaure. Mama kuwa leɓɓanta na motsi, ta haddace baitocin tun tana yarinya. Ta ce abokin Reger, Karl Straube, shi ya fara kaɗa wannan kiɗan, daga baya ya zama makaɗin wannan coci. Reger kansa a garin nan ya rasu a 1916.

Abu ɗaya ya dame ni. Bawan Allah mai kaɗa ogan ɗin ya yi ta gumi, aka tafa masa, ya leƙo daga sama ya rusuna, kowa ya ɗauki rigar sanyinsa. Ba guɗa, ba kirari, ba wanda ya liƙa masa ko sisi. A wurinmu makaɗi irin wannan da babbar riga zai koma gida.

Sauran kwanakin ruwan sama ne da kantuna. Idan Allah ya kai ka Leipzig, ka nemi ranar da ake kaɗa ogan ɗin nan, amma ka tafi da butarka.