Tsakuwar Hanyar Tamale

Jama'a, daga Kumasi zuwa Tamale wajen mil 240 ne, ta Techiman da Kintampo. Dā iyayenmu ta Yeji suke bi, su yi fito su faɗa Salaga. Da aka datse ruwa a Akosombo cikin 1965 fiton ya ƙara faɗi, yawancin motoci suka koma wannan hanya.

To, a nan muke gamuwa da manyan motocin da ke kai kaya daga Tema zuwa Burkina Faso. Ƙafafunsu na baya kamar majajjawa suke, su tsinci tsakuwa su wurgo. Inda ta fasa fenti har ƙarfe ya bayyana, damina ɗaya tsatsa ta kama, ran sayarwa kuwa nan dillali zai fara ɗora yatsa.

Saboda haka kafin mu tashi mukan wanke goshin motar, ya bushe sarai, mu manna masa tef ɗin takarda irin na masu fenti, amma ba mu rufe mashigar iskar lagireto. Bayan gadar Buipe hanya ta miƙe, direba ya so gudu. Nan muke ce masa ya ba babbar mota rata mai yawa. Muna isa Tamale mu ɓare tef ɗin ran nan, don in ya sha rana kwana biyu, ɗankonsa ya kan maƙale wa fenti.