Ba Kowane Girki Ke Son Haƙuri Ba

Na tashi a gidan da ba a kiran abu abincin dare sai idan tuwo ne da miya. Tun bayan la'asar mahaifiyata ke ɗora sanwa, ta yi talge, ta tuƙa, ta kwashe, miyar kuka ko ta kuɓewa kuma tana gefe tana ɓararraka har sai daddawa ta saki ƙamshinta. Abin da na koya a gindin murhunta shi ne daɗin girki yana cikin daɗewarsa a kan wuta, kuma macen da ta sauke tukunya da wuri, ko dai raguwa ce, ko kuwa ba ta sami horo a gidansu ba. Da wannan aƙida na shiga ɗakin aure, da ita kuma na yi shekaru ina koyarwa a wata makarantar firamare da ke bayan garin Kano, ban taɓa tuhumarta ba.

Abin da ya girgiza ta ya faru ne a shekarar 2023. A ranar 29 ga Mayu aka ba da sanarwar cire tallafin man fetur, kafin a ce haka kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kayan masarufi suka bi sahu. Dole ta sa na karɓi ƙarin darasi a wata makarantar yamma don cike giɓi, sai ya zamana ba na isa gida sai ana kiran sallar magariba. Kafin in yi salla, in ɗora tukunya, in tuƙa tuwon mutum shida, ƙarfe tara ta gota. Sau da yawa nakan tarar autana ya yi barci a kan tabarma da yunwarsa, in tashe shi yana kuka, ya ci loma biyu ya ture kwanon.

Surukata, wadda muke zaune tare da ita, ta daɗe tana kallo ba ta ce uffan ba. Wani dare bayan isha'i ta kira ni ɗakinta, ta ce, "'Yar nan, ni ban hana ki aikinki ba. Amma aikin da zai sa jikokina su kwana da yunwa, a sake duba shi. Ku zauna da mijinki ku yi shawara." Na sunkuyar da kai na ce, "To Hajiya, in Allah ya yarda za a gyara." Na fito jikina a sanyaye, domin na fahimci inda maganar ta dosa, kuma na san albashin maigida shi kaɗai ba zai riƙe gidan ba.

Akwai wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya, wadda ta girma a Jos a gidan manoman kayan lambu. Takan dawo bayana, amma kafin isha'i yaranta sun ci sun ƙoshi. Da na kai mata kukana sai ta yi murmushi ta ce, "Malama, gobe ki shigo ki gani da idonki." Washegari na tarar ta ɗora farar shinkafa a kai ɗaya na gas, ta ɗauko kabeji guda matsakaici, ta ɓare ganyen waje, ta raba shi huɗu, ta cire ƙashin tsakiya, ta yanka shi sirara. Ta wanke shi da ruwan gishiri, ta ɗauraye, ta zuba a kwando ya tsane sarai. Daga nan ta yanka albasa ɗaya, karas biyu, tattasai da attaruhu, ta jajjaga tafarnuwa da ɗanyar citta. Sai da komai ya kammala a gabanta sannan ta kunna wa kasko wuta.

Kaskon mai faɗi ne, ta kuma bar shi ya yi zafi ƙwarai kafin ta zuba man gyaɗa cokali uku. Albasa da tafarnuwa da citta suka fara shiga, minti ɗaya kacal. Karas ya biyo baya saboda taurinsa, ya yi minti biyu. Sannan ta zuba kabejin da tattasai da attaruhu, hannunta bai bar cokali ba, tana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Ba ta zuba ko ɗigon ruwa ba, ba ta rufe ba. Bayan kamar minti biyar ta barbaɗa gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ta juye soyayyen ƙwai uku a ciki, ta sauke. Shinkafar ma ba ta gama tsotsewa ba.

Na koma gida ina ganin abin ba shi da wuya, amma gwajina na farko ya zama abin kunya. Hannuna ya bi abin da ya saba: na zuba gishiri tun farko, na ga kamar zai ƙone na rage wuta, na ɗan yayyafa ruwa, na rufe, na bar shi "ya nuna". Da na buɗe sai na tarar ya yi jagwab, ya koɗe, wani wari kuma ya cika tsakar gida. Hajiya ta ɗanɗana, ta ture kwanon a hankali ta ce, "Ko akwai ragowar koko?"

Daga baya na gane dalilin kowane kuskure. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kabeji ruwa ne. Gishiri yana janyo wannan ruwa waje, saboda haka idan aka sa shi da wuri, ko aka cika kasko maƙil, ko aka rage wuta, ruwan da ya fito ba ya samun damar ƙonewa, sai suya ta koma dahuwa. Warin kuwa daga sinadarai masu farar wuta yake, waɗanda ke cikin ganyen, kuma tsawon lokaci a kan wuta ne ke sako su. Daɗin daɗawa, sinadarin bitamin C da kabeji ke da shi da yawa ba ya jure doguwar dahuwa, yana kuma narkewa ya bi ruwa. Ke nan haƙurin da ke gyara miyar kuka shi ne ke lalata kabeji.

Wannan salon suya ba a ƙasar Hausa ya samo asali ba. Mutanen ƙasar Sin ne suka shahara da shi, suna amfani da wani kasko mai siffar ƙwarya, kuma su ne suka fi kowa noman kabeji a duniya. Hikimar a bayyane take: abin da aka yanka ƙanana yakan nuna da wuri, wutar da ta yi minti goma kuma ba ta cin makamashi kamar wadda ta yi awa biyu. Shi kansa kabejin baƙo ne a wurinmu, sunansa ma daga Turanci muka aro. Asalinsa tsiron Turai ne mai son sanyi, shi ya sa ya karɓi tudun Jos mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa kuma masu noman rani ke samun sa da kyau a lokacin hunturu. A irin wannan lokaci yakan yi araha a kasuwar 'Yankaba, kuma guda ɗaya yakan yi kwanaki a inuwa bai lalace ba, saɓanin alayyahu da ke yaushi a yini guda. Ga gidan da ba ya dogara da firji saboda rashin tabbas na wutar lantarki, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Mun daɗe da saninsa a kwaɗo da haɗin salak, amma a matsayin ɗan rakiya, ba mai gida ba.

A gwaji na uku na danne zuciyata. Na yanka komai tun da asuba kafin in fita, na ajiye a rufe. Da na dawo na ƙure wuta, na soya kabejin kashi biyu don kada kasko ya cika, na sauke shi yana da sauran ƙarfinsa da korensa, duk da cewa raina yana ce mini bai nuna ba. Maimakon ƙwai, na barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli, domin shi ne bakin Hajiya ya sani. Ƙarfe bakwai da rabi yara suna zaune suna ci da idonsu biyu. Hajiya ta cinye nata ba ta ce komai ba, can sai na ji ta ce, "'Yar nan, in da saura ƙaro mini kaɗan."

Ba zan ce na sauya mata ra'ayi ba. Har yau tana cewa wannan abinci ba ya riƙe ciki kamar tuwo, kuma gaskiyarta ce. Abin da muka tsayar shi ne, Asabar da Lahadi ranakun tuwo ne, ina tuƙa shi yadda aka koya mini, har a sami ɗumamen safe. Sauran ranakun kuwa kasko ne ke aiki, yau da shinkafa, gobe da doya ko dankali, jibi da taliya. Maganar ajiye aiki ba ta sake tasowa ba.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma ban taɓa shakkar wannan magana ba. Abin da ban sani ba a da shi ne, kafin mutum ya ɗora tukunya, ya kamata ya fara duba abin da ke hannunsa, dutse ne ko ganye.